Edward Steichen: Mai Hoton Manya Wanda Ya Koma Neman Fuskar Talaka

Edward Steichen mai ɗaukan hoto ne na ƙasar Amurka, wanda ya rasu a shekarar 1973. Tsakanin 1923 da 1938 shi ne mai hoton da sunansa ya fi fita a duniya, shi ne kuma aka fi biya kuɗi. Attajirai da 'yan wasan fim da shugabanni sun zauna a gaban kyamararsa, kamfanonin sabulu da na man shafawa kuma suna rububinsa domin ya yi musu talla. Abokansa na ƙuruciya sun ce ya sayar da baiwarsa. Shi kuwa, da tsufa ya zo, sai ya juya ga wani aiki dabam, wato tara hotunan talakawan duniya wuri guda domin ya nuna cewa 'yan Adam iyali ɗaya ne. Ko a nan ma bai kuɓuta daga zargi ba, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙalubalance shi kuwa ɗan Nijeriya ne.

An haife shi ran 27 ga Maris, 1879, a wani ƙauye mai suna Bivange a ƙasar Luksamburg, wata 'yar ƙaramar ƙasa da ke tsakanin Faransa da Jamus da Beljiyam. Iyayensa talakawa ne, masu bin ɗarikar Katolika. Yana ɗan jariri talauci ya kore su zuwa Amurka, suka sauka a garin Hancock na jihar Michigan, inda mahaifinsa ya shiga aikin haƙar jan ƙarfe. Aikin rami ya ci lafiyar mahaifin, nauyin gida ya koma kan mahaifiyar, Marie, wadda ta buɗe shagon ɗinka hulunan mata. A 1889 suka ƙaura zuwa birnin Milwaukee.

Akwai wani abin da ya faru a shagon nan wanda Steichen bai manta da shi ba har tsufansa. Wata rana, yana ɗan wajen shekara goma, wani yaro Bayahude ya zo wucewa, sai ya leƙa ta ƙofa ya jefe shi da baƙar magana saboda ƙabilarsa. Mahaifiyar ta bar masu ciniki tsaye, ta bi yaron har ta same shi ta ba shi haƙuri, sa'an nan ta dawo ta zaunar da ɗanta ta yi masa doguwar magana a kan cewa mutane duka ɗaya ne, ko mene ne addininsu ko launin fatarsu. Shi da kansa ya ce a ranar ce aka shuka irin babban aikin da ya yi bayan shekara sittin da ɗoriya.

Yana da shekara 15 ya bar makaranta ya shiga koyon sana'a na shekara huɗu a wata maɗaba'a mai suna American Fine Art Company, inda ake zana hoto a kan faifan dutse a buga shi a takarda, yawanci domin talla. Wannan ya kamata a riƙe shi, gama waɗanda suka zarge shi daga baya sun yi kamar ba su sani ba cewa a gidan talla ya buɗe ido. A 1895 ya sayi wata tsohuwar kyamara ta Kodak. Fim ɗin farko na ɗaukar hoto 50, da aka wanke kuwa guda ɗaya tak ya fito, hoton ƙanwarsa Lilian tana zaune gaban piyano. Mahaifin ya ga asara ce kawai. Mahaifiyar ta ce kyan wannan guda ɗaya ya biya sauran 49.

A wancan zamani masu zane da fenti ba su ɗauki mai hoto a bakin komai ba. A ganinsu na'ura ce ke yin aikin, mutum danna maɓalli kurum ya yi. Saboda haka samarin da ke son a girmama sana'ar suka riƙa yin hotuna masu dishi-dishi, kamar an zana su da hannu. Steichen ya ƙware a wannan, har yakan jiƙa gilashin kyamara ko ya girgiza ƙafarta da gangan domin hoton ya yi hazo. A 1900, a kan hanyarsa ta zuwa Paris, ya biya ta Niyu Yok ya gana da Alfred Stieglitz, wanda shi ne jagoran masu wannan ra'ayi. Stieglitz ya sayi hotunansa uku a kan dala 5 kowanne. Daga nan abota ta ƙullu.

A Paris ya manne wa Auguste Rodin, shahararren mai sassaƙa mutum-mutumi. Kusan shekara guda yana zuwa wurin aikin dattijon kowace Asabar yana kallonsa kafin ya ɗauki hoton da ya fito da sunansa a 1902, inda Rodin ke zaune cikin duhu yana fuskantar ɗaya daga cikin sassaƙe-sassaƙensa. Wannan haƙuri na nazarin mutum kafin a ɗauke shi, shi ne jarin Steichen.

Amma hoton da aka fi tunawa da shi daga waɗannan shekaru, cikin minti kaɗan aka yi shi. A 1903 wani mai zane yana zana J. P. Morgan, babban ɗan banki wanda a lokacin kuɗin Amurka ke juyawa a tafin hannunsa. Morgan ba shi da haƙurin zama, sai mai zanen ya ɗauko Steichen ya yi hoton da zai riƙa dubawa. Steichen ya ɗauki na farko yadda aka umarce shi. Sa'an nan ya roƙi attajirin ya ɗan juya kansa domin ya ɗauki na biyu, na kansa. Morgan, wanda bai saba a ba shi umarni ba, ya fusata, ya zare ido, ya damƙi hannun kujera. A daidai wannan lokaci aka danna. Da aka wanke hoton, sai ga haske ya faɗi a kan hannun kujerar, ya zama kamar wuƙa ce tsirara attajirin ya riƙe zai soki mai kallo. Ga kuma hancinsa, wanda wata cuta ta kumbura, Steichen bai ɓoye shi sosai ba yadda sauran masu hoto suka saba yi. Morgan ya so na farko. Da ya ga na biyu, yaga shi ya yi. Bayan wani lokaci, da ya ji mutane na yabon hoton, sai ya aiko yana nema da kuɗi mai yawa, Steichen kuwa ya bar shi yana jira shekaru kafin ya ba shi. Har ya mutu yana cewa bai yi nufin wuƙar nan ba. Ko da nufi ko babu, waɗanda suka san yadda Morgan ke haɗiye kamfanoni sun ce hoton bai yi masa ƙarya ba.

A 1905 shi da Stieglitz suka buɗe wani ɗan ɗakin nunin hotuna a gida mai lamba 291 a titin Fifth Avenue, a ɗakin da Steichen ya taɓa zama. Ta nan ne ya riƙa aiko da ayyukan masu zanen da ke aiki a Faransa irin su Matisse da Picasso, waɗanda yawancin Amurkawa ba su taɓa gani ba. Ya koma Faransa da iyalinsa, ya kama gida mai lambu a ƙauyen Voulangis, yana zane, yana hoto, yana dashen furanni, har Yaƙin Duniya na Ɗaya ya tashe su a 1914.

Yaƙin nan ne ya sake shi. A 1917 ya shiga sojan Amurka, aka ɗora shi a kan sashen ɗaukan hoto daga jirgin sama. A nan hazo ba ado ba ne. In hoto bai fito tar ba, ba za a gane ramin abokan gaba ko inda suka ɓoye igwa ba, ran mutane kuwa ya rataya a kan haka. Ya fito daga soja da muƙamin laftanar kanar, amma zuciyarsa a dagule saboda abin da ya gani. Aurensa da Clara Smith, wadda ya aura a 1903 suka haifi 'ya'ya mata biyu, shi ma ya lalace. Ta zarge shi da neman wata kawarta, maganar ta kai kotu, aka raba auren a 1922. Ba za a ce Steichen ya yi abin koyi a wannan fanni ba, 'ya'yan kuma su ne suka sha wahalar rabuwar.

Ya koma Voulangis ya kulle kansa yana koyon sana'arsa tun daga tushe. Ya ɗauki farin kofin shayi da farantinsa, ya yi ta ɗaukarsu fiye da sau 1,000 a cikin haske iri iri, domin ya san yadda kowane mataki tsakanin fari da baƙi ke fita a takarda. Wata rana ya tarar mai kula da lambunsa ya kwaikwayi wani zanensa, ya ga kuma na mai lambun ya fi nasa rai. Sai ya tara zane-zanensa na fenti a tsakar gida ya cinna musu wuta. Daga ran nan ya zama mai hoto kaɗai.

A 1923 ya dawo Niyu Yok ba shi da ko sisi, ga bashin kotu. Sai Condé Nast, mai mujallun Vogue da Vanity Fair, ya ɗauke shi babban mai hoto. Vanity Fair na son fuskokin shahararru, Vogue kuwa na son hotunan tufafin mata. Da shike a lokacin ana ganin hoton tufafi ƙasƙanci ne ga mai fasaha, sai aka yi masa tayin a ɓoye sunansa a kan irin waɗannan. Ya ƙi, ya ce duk abin da ya ɗauka a sa sunansa. Ya kuma ƙulla yarjejeniya da kamfanin talla na J. Walter Thompson.

Kafin wannan lokaci, yawancin tallan da ke cikin mujallu zanen hannu ne. Steichen yana cikin waɗanda suka nuna wa 'yan kasuwa cewa hoto ya fi zane shiga zuciya, domin mai kallo na ɗauka abin da kyamara ta gani gaskiya ne. Tallan man shafawa na Jergens ya isa misali. Maimakon ya nuna kwalba, sai ya ɗauki hannuwan mace tana feraye dankali, kusa ƙwarai, yadda duk matar da ke aikin gida za ta dubi nata hannuwan ta ji tana bukatar man. Ya yi wa Kodak talla, ya yi wa masu ruwan inabi na Welch's, da masu tawul na Cannon. Wani kamfanin siliki mai suna Stehli ya nemi zanen da za a buga a yadi, sai ya jera ashana da ƙwayoyin sukari a kan tebur, ya haska su da fitila daga gefe, inuwarsu ta zama ado. Da ya fara aikin, hasken rana kaɗai ya sani. A hankali ya koyi aiki da fitilun lantarki, daga guda ɗaya har ya cika ɗaki da su.

A ɓangaren fuskoki kuwa, nan ne gwanintarsa ta fito fili. A 1924 ya rataya baƙin leshi a gaban 'yar wasa Gloria Swanson, ta leƙo ta bayansa kamar damisa a cikin ganye. A 1928 ya je Hollywood domin Greta Garbo, aka ba shi 'yan mintoci tsakanin ɗaukar fim. Ya yi ta ɗauka bai gamsu ba, sai ya yi ƙorafi a kan gyaran gashinta. Ta sa hannu biyu ta tattare gashin baya, ta dube shi kai tsaye. Wannan shi ne hoton Garbo da duniya ta sani. Ya ɗauki Charlie Chaplin, ya ɗauki Winston Churchill a 1932, ya ɗauki mawaƙi baƙar fata Paul Robeson a 1933 cikin kayan wasan sarki. Dabararsa ita ce ya sa mutum ya manta da kyamara na ƙiftawar ido, ko ta hira, ko ta wasa, ko ta tsokana.

Stieglitz bai yafe masa ba. A ganinsa mai fasaha na gaskiya ba ya karɓar oda daga mai sabulu. Samari masu tasowa irin su Walker Evans suka riƙa kallon aikinsa a matsayin ƙyalƙyali da bautar kuɗi. Steichen ya amsa cewa manyan masu zanen Turai na dā su ma aikin oda suka yi wa sarakuna da ikilisiya, kuma yana so aikinsa ya shiga gidajen mutane, kada ya tsaya a bangon masu hali. Akwai gaskiya a cikin wannan. Ai kowane mai sana'a da cinikinsa yake ci, wanda ya taso a shagon huluna kuma ya fi kowa sanin haka. Sai dai masu sukar su ma ba su rasa hujja ba. Bayan 1929, sa'ad da tattalin arzikin Amurka ya rushe, miliyoyin mutane na layin abinci, shi kuwa yana ɗaukan mata cikin siliki a gefen piyano. Mutumin da ya ƙi ɓoye hancin Morgan ya zama gwanin ɓoye duk abin da zai hana ciniki.

Da alama shi ma ya gaji. A farkon 1938 ya rufe ɗakin hotonsa ya koma gonarsa a Redding ta jihar Connecticut, tare da matarsa ta biyu, Dana, yana kiwon wasu dogayen furanni masu shuɗi da ake kira delfiniyam. Ya ƙware a haɗa irinsu, har a 1936 gidan nunin fasahar zamani na Niyu Yok, wanda ake kira MoMA, ya baje su na mako guda kamar zane.

Yaƙin Duniya na Biyu ya fito da shi. Sojan ƙasa suka ce ya tsufa, gama ya haura shekara 60, amma sojan ruwa suka karɓe shi a 1942. Ya tara ƙungiyar masu hoto, ya umarce su su mai da hankali ga matuƙa da ƙananan sojoji, domin jirage za su tsufa a manta da su. Shi da kansa ya shiga jirgin ruwan yaƙi Lexington a tekun Pasifik a 1943. Fim ɗin da aka yi a ƙarƙashin kulawarsa, The Fighting Lady, ya ci lambar Oscar a 1945.

A 1947 aka naɗa shi shugaban sashen hoto na MoMA. Ya shirya nunin hotunan yaƙi har sau uku, na ƙarshe a kan yaƙin Koriya a 1951, da fatan in mutane sun ga munin yaƙi za su ƙi shi. Ya lura cewa sukan girgiza kai, su fita, su je shan shayi. Sai ya ce bari ya gwada ta ɗaya gefen, ya nuna musu abin da za a rasa. Shi da mataimakinsa Wayne Miller suka shafe wajen shekara uku suna tace hotuna fiye da miliyan 2, suka zaɓi 503, na masu hoto 273, daga ƙasashe 68. Aka buɗe nunin a Janairun 1955 da sunan The Family of Man, wato Iyalin Ɗan Adam. Mai kallo zai bi ta neman aure, da biki, da haihuwa, da wasan yara, da noma, da cin abinci, da ibada, da makoki. A bango an rubuta ayoyi daga Littafi Mai Tsarki da karin maganar al'ummai dabam dabam. Kusa da ƙarshe akwai ɗaki mai duhu wanda ba komai a cikinsa sai babban hoton fashewar bam na haidirojin. Mijin ƙanwarsa Lilian, marubuci Carl Sandburg, shi ya rubuta gabatarwa.

Ba a taɓa yin nunin hotuna da ya ja jama'a haka ba. Hukumar yaɗa labarai ta gwamnatin Amurka ta zagaya da shi ƙasashe fiye da 30, mutum fiye da miliyan 9 suka gani, littafinsa kuma ya sayu miliyoyi.

To, amma akwai abin da ido ya tsallake. A cikin hotunan da aka fara rataya akwai na wani baƙar fata da farare suka ɗaure a jikin itace suka kashe a jihar Mississippi a 1937. Bayan 'yan makonni Steichen ya sa aka cire shi, bai kuma shiga littafin ba. Marubucin Faransa Roland Barthes ya ce faɗin cewa kowa ana haifarsa kuma kowa na mutuwa ba ya gaya mana komai, in ba a faɗi wane ne ke mutuwa da wuri ba, da kuma dalili. A 1959 aka kai nunin Mosko, Steichen da kansa ya je. A can ne wani ɗalibi ɗan Nijeriya ya yayyage wasu daga cikin hotunan. Hujjarsa ita ce an nuna Turawa cikin sutura da mutunci, a makarantu da ɗakunan bincike, baƙaƙen Afirka kuwa an nuna su tsirara ko cikin talauci. Duk wanda ya buɗe littafin zai ga inda maganar ta fito. An ajiye hoton wani iyalin manoman Amurka a cikin falonsu, kusa da na wani iyali daga Bechuanaland, wato Botswana ta yau, suna tsaye a daji kusan ba tufafi. Nufin Steichen shi ne a ga dukansu iyali ne. Amma ga ɗalibin da ya fito daga ƙasar da ke da jami'a a Ibadan, da lauyoyi, da jaridu, saura shekara guda kuma ta karɓi mulkin kai, abin da hoton ya faɗa dabam ne. Yawancin hotunan nunin Amurkawa da Turawa ne suka ɗauka, da yawa daga ma'ajiyar mujallar Life, Afirkar da ke ciki kuwa ita ce wadda baƙo ya zo nema. Steichen ya yi niyyar kirki, sai dai idon da ya yi zaɓen ido ne da ya yi shekara 15 yana koyon abin da zai burge mai sayen mujalla a Niyu Yok.

Dana ta rasu a 1957. A 1960, yana da shekara 80 da ɗoriya, ya auri Joanna Taub, wadda ba ta kai 30 ba. Ya bar MoMA a 1962. A 1963 ya fitar da littafin tarihin rayuwarsa, a shekarar ce kuma Shugaba Johnson ya rataya masa lambar yabo mafi girma da Amurka ke ba farar hula. A shekarunsa na ƙarshe ya bar ɗaukan mutane kusan gaba ɗaya. Akwai wani ɗan itace a bakin tafkin gidansa, shi ya yi ta ɗauka da fim mai launi, da safe da yamma, cikin furanni da cikin ƙanƙara, shekara da shekaru.

Ya rasu a gonarsa ran 25 ga Maris, 1973, saura kwana biyu ya cika shekara 94. Tun yana da rai gwamnatin Amurka ta ba ƙasar haihuwarsa cikakken kofi na ƙarshe na Iyalin Ɗan Adam, bisa ga roƙonsa. Tun 1994 aka kafa shi dindindin a tsohuwar fadar Clervaux a arewacin Luksamburg, a 2003 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin kayan tarihin da duniya za ta adana. A 2006 aka yi gwanjon wani hotonsa na 1904, na hasken wata a kan tafki, ɗaya daga cikin masu hazon nan da ya juya wa baya bayan yaƙi. An saye shi dala miliyan 2.9, kuɗin da ba a taɓa biya a kan hoto guda a gwanjo ba kafin wannan rana.